Ƙaninki Ya Sake Canza Kan Keke

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? Ina fatan kin ajiye taurin kai kina shafa maganin da aka ba ki. Mu nan lafiya ƙalau muke. Yara suna gaishe ki, Auta kuma ta ce a faɗa miki haƙorinta na gaba ya fita, kada ki zo ki yi mata dariya.

Na san za ki ce me ya sami Amarya da rubuta wasiƙa ga waya a hannunta. Maganar ce ba ta waya ba. Duk lokacin da na samu sukuni ƙaninki yana gida, kin kuwa san kunnensa, ko cokali ya faɗi a kicin sai ya tambaya wanne ne.

Kin san aikinsa na duba bututun ruwa, daga babban tankin da ke kan dutse har gangarowa cikin gari. Hanyar siririya ce, mota ba ta bi, shi ya sa bara ofishinsu ya ba su kekuna irin na hawa dutse, masu kaurin taya, shi da abokin aikinsa Dogo. Nasa kore ne. Yana ji da keken nan, wankan da yake masa ko ƙafarsa ba ta samu.

To, kwanakin baya ya tsiri wata fitina a kan kan keken, wato ƙarfen nan da ake riƙewa da hannu biyu. Wanda keken ya zo da shi miƙaƙƙe ne. Sai ya ce yana kashe masa yatsu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hannun dama. Ya je wurin mai gyaran keke ya ɗauko wani mai ɗan tashi sama, wai don ya rage jingina nauyinsa a tafin hannu. Bai daɗe ba ya ce wannan ya yi masa gajarta. Ya kawo wani mai faɗi, wanda sai an karkata keken yake shiga ƙofar gida. Shi kuma wai yana bugun itatuwa a hanya, sai ya aro zarto ya rage masa tsawo a kan teburin da nake yanka yadi, ya cika min shi da garin ƙarfe. Yanzu tsofaffin suna ƙarƙashin gado, kullum na zo shara sai sun yi min ƙara.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai zan ba ki. Amma ranar hutunsa ya kira ni in kawo tef ɗin awona. Wai mai gyaran keke ya ce masa, in mutum yana son sanin faɗin da ya dace da kafaɗarsa, sai ya kifa ciki a ƙasa, ya dafa hannu biyu ya ɗaga jikinsa yadda sojoji suke yi, a auna tsakanin hannuwan. Ya kifa a tsakiyar falo, yara suka kewaye shi. Ya ɗaga na farko lafiya. A na biyu hannun dama ya lanƙwashe, haɓarsa ta bugi ƙasa. Yara suka fashe da dariya, ni ma na yi, Allah ya gani. Sai na dubi fuskarsa. Yaya, kallon hannun yake kamar ba nasa ba. Can ya tashi yana wata dariya mai ƙarfi wadda ba irin tasa ba, ya ce ledar ɗakin ce take da santsi. Ni nake goge ledar nan kullum, ba ta da santsi ko kaɗan.

Ga abin da nake son tambayarki, kuma don Allah kada ki yi fushi. Ni ban tarar da Baba a tsaye ba. Lokacin da na shigo gidanku yana kwance, ke kike jinyarsa, kuma na lura ba wanda yake son tayar da zancen. Ta ina ciwon nasa ya fara? Ki faɗa min gaskiya, kada ki rarrashe ni. Kuma kada ƙaninki ya ji na tambaya.

Ki gaida maigidan da yara. Na bar ki lafiya.

Taki,
Amarya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da maigidan da yara. Na ji daɗi da kika ce gwiwa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Wasiƙarki ta iso. A tsaye na karanta ta a bayan ƙofar ɗakin ɗinki.

Kin ce na Baba daga hannun dama ya fara. Kin ce maɓallin riga ne ya fara gagarar sa, sai mabuɗi, sannan naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zube ya bar rami, daga nan ciwon ya yi ta hawa har ya kai ga ƙafa da harshe. Yaya, da ma ban tambaya ba. Tun ranar na zama mai gadin hannun mutum. Ya daina sa riga mai maɓalli, wai zafi ake yi. In mun dawo daga unguwa sai ya miƙo min mabuɗi, wai hannunsa da maiƙo. Kofin shayi da hannu biyu yake ɗauka kamar mai jin sanyi. Jiya bayan abincin rana ya yi gyangyaɗi a kujera, na lallaɓa na duba. Ramin yana nan. Na sa yatsana a ciki ya zauna daram, na janye da sauri na shige kicin na buɗe famfo don kada a ji kukana.

Na kasa zama, sai na je wurin mai gyaran keken da kaina, na fake da neman mai na keken ɗinki. Dattijo ne mai surutu, ban sha wahala ba. Ya ce, “Uwargida, maigidanki ai ya gwada duk wani kan keke da ke shagon nan.” Ya yi ta nuna min su a rataye: wai mai faɗi ya fi riƙe keke a gangara amma yana jan kafaɗa, mai tashi sama yana sauƙaƙa wa wuyan hannu, mai lanƙwasa baya kuma ya fi dacewa da yadda hannu yake kwanciya. Ni dai kaina kawai nake gyaɗawa. Ya ce mutuwar yatsu sanannen abu ne wurin mahaya, amma yawanci da mutum ya sauka ya yarfe hannu take sakinsa. In ta bi mutum har gida, to ta wuce shagonsa, sai asibiti. Ya ce ya faɗa wa ƙaninki haka, shi kuma ya sako wani zance.

Sannan ya faɗi abin da ya tsinka min zuciya. Ashe da aka ɗaura kan keke na ƙarshe, ƙaninki ya sa an juya masa birki. A kekunansu, hannun dama ne yake matse birkin gaba, shi ne mai ƙarfin da ke tsayar da keke a gangara, hagu kuma na baya. Shi ya sa aka mayar da na gaba hagu. Dattijon ya ce ba laifi ba ne, wasu haka suka fi so, sai dai duk wanda zai hau keken dole a gaya masa. Ni kuwa na san dalili. Hannun daman ba ya iya matsewa.

Da safe bayan yara sun tafi makaranta na tare shi, na ce mu je asibiti. Ya ce a yi me, ai kan keke ne. Na ce in kan keke ne, me ya hana shi ɓalla maɓallin riga? Yaya, tun da muke bai taɓa ɗaga min murya irin ta ranar ba. Ya bugi tebur har kofi ya kife, kuma ko a cikin fushin da hagu ya buga. Ya ce ya riga ya sa a kawo masa wani kan keken, mai lanƙwasa baya da roba mai laushi, wannan shi zai kashe maganar. Ya ja kekensa ya fita bai karya ba.

Akwai wani wuri a hanyar tasu da ya taɓa nuna min, inda bututun ya bi gefen wani kwazazzabo mai zurfi, hanyar kuma ta gangara tsaye. Kullum wurin nan nake gani a idona. In ya fita ba na iya ɗinki miƙe, shekaranjiya na ɓata wa wata mata wuyan riga. Ina tsoron ya faɗa can. In ya dawo lafiya kuma sai in tuna Baba a kwance, wani tsoron ya taso.

Ki ba ni shawara. In gaya wa Dogo, ko shugabansu? In ofis suka ji za su iya sauke shi daga aikin, kuma na san ba zai yafe min ba. Ki taya mu da addu'a. Ki gaida kowa.

Taki,
Amarya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mutanen gida. Ki yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yi. Amsarki ba ta iso ba, amma abin da ake gudu ya faru, sai dai ba yadda na zata ba. Kafin komai, ƙaninki yana raye kuma ko ƙwarzane bai yi ba.

Shekaranjiya da hantsi ina ɗinki, maƙwabciyata ta faɗo ɗakin ko sallama babu, ta ce an ce mai koren keke ya faɗi a gangaren dutse, an ɗauke shi zuwa asibiti. Ban san yadda na fita ba. Sai a ƙofar asibitin na ga takalmi ɗaya nawa ne, ɗaya na maƙwabciyar. Duk hanya ce wa kaina nake ni na kashe shi, tunda na sani na yi shiru.

Na shiga ɗakin da aka nuna min, sai ga ƙaninki zaune a kan benci, rigarsa duk jini, amma ba nasa ba. Dogo ne a kan gado, an naɗe masa kai da kafaɗa. Yaya, kunya nake ji in rubuta wannan, amma abin da ya fara zuwa bakina hamdala ce, ga matar Dogo a tsaye tana kuka.

Ga yadda aka yi. Suna can sama wurin tanki aka kira su cewa bututu ya fashe a ƙasa, ruwa yana shiga gidajen mutane. Tayar keken Dogo ta sace. Ƙaninki yana cikin ɗakin injin yana rufe ruwa, sai Dogo ya ɗaga murya ya ce bari ya ari nasa ya riga shi sauka. Kafin ƙaninki ya fito ya yi magana, mutum ya yi nisa. Ya ce ya bi shi da gudu yana ihu, amma ƙarar injin da ta iska suka shanye muryar. Da Dogo ya iso gangaren nan, ya matse hagu da ƙarfi yadda ya saba, yana zaton birkin baya ne. Tayar gaba ta ƙame, keken ya wurga shi ta sama. Allah ya taimaka bututun ya tare shi a bakin kwazazzabon. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, kansa ya fashe, amma yana magana kuma ya gane kowa.

Da ya ɗan farfaɗo, kin san Dogo da barkwanci, sai ya ce wa ƙaninki, “Kai, wane irin keke ne gare ka, a ce masa tsaya da baya ya tsaya da gaba?” Matarsa kuwa ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta juyo ta ce, “Baban Auta, me ya sa ka juya birki ba ka gaya wa kowa ba?” Na dubi ƙaninki. Na ga bakinsa ya buɗe, na san cewa zai yi kan keke ne, na sunkuyar da kai don ba zan iya sake jin wannan maganar ba.

Sai Dogo ya nemi ruwa. Ƙaninki ya ɗauki kofi da dama don ya ba shi, kofin ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa, a gaban likita da kowa. Ya tsaya yana kallon fasassun. Can ya miƙa wa likitan hannun, ya ce, “Likita, wannan ne dalili. Ya daɗe ba ya min aiki. Mahaifina ma haka ya fara.” Muryarsa kamar ta yaro ƙarami. Matar Dogo ta rufe baki da mayafi.

Likitan ya murza hannun, ya sa shi ya buɗe yatsu ya rufe, ya ba shi takarda ya matse tsakanin yatsu, aka zare ta ba wuya. Daga nan ya tura mu babban asibiti wurin masu duba jijiya. Turawar nan ta fi komai ba ni tsoro. Tun da muka dawo ƙaninki bai ci abin kirki ba. Yana zama ya zuba wa yara ido, Auta ta hau cinyarsa ya rungume ta har sai ta ce ya matse ta. Sabon kan keken da ya sa a kawo ya iso jiya, yana jingine a bayan ƙofa cikin kwalinsa.

Na gaya masa kin sani. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, “Yaya ta yi jinya ɗaya, ta isa.” Mako mai zuwa za mu je. Ki yi mana addu'a, ki sa yara ma su yi.

Taki,
Amarya

Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidan da yara. Wasiƙarki ta same mu, inda kika ce kin fara haɗa kaya, kuma tun da na fara rubuto miki barci ya ƙaurace miki. Ki kwance kayan nan, ki zauna ki karanta a hankali.

Mun je. An manna masa wayoyi a hannu da kafaɗa da ƙafa, ana sa masa wuta kaɗan kaɗan yana zabura, an kuma ɗauki hoton wuyansa. Ina zaune a waje, duk wanda ya buɗe ƙofa sai in miƙe tsaye. Da aka kira mu, likitar, wata mace mai fara'a, ta tambaye shi aikinsa. Ya faɗa mata. Ta ce ya nuna mata inda yake dafa kan keke, ya nuna gindin tafin hannu. Ta ce in sifanar kwance noti ta ƙi juyawa da me yake bugunta? Ya sake nuna wurin. Sai ta ce to nan ciwon yake. Wata jijiya ce ta bi ta nan, nauyin jikinsa a kan ƙarfe da girgizar duwatsu da bugun sifana suka danne ta. Sauran jikinsa lafiya lau. Ya tambaye ta ko ta tabbata ba irin na mahaifinsa ba ne, ta ce ta tabbata. Ya sake tambaya, ta sake faɗa. Sai ya kifa kai a kan teburin baiwar Allah ya yi ta kuka, ni ma na taya shi, ta rasa wanda za ta rarrasa.

Kin ji, Yaya. Ashe kan keken ne. A hanyar dawowa na ce masa, to ai ka yi gaskiya. Ya girgiza kai ya ce shi bai taɓa yarda da maganar ba ko sau ɗaya. Faɗa kawai yake yi. Duk ranar da ya je shagon dattijon nan ya zaɓi wani sabo, yakan samu 'yan kwanaki yana sa rai, kuma hakan ya fi masa sauƙi a kan ya zauna gaban likita a gaya masa abin da aka gaya wa Baba.

Sai dai murnar ba ta cika ba. Likitar ta ce da ya zo tun yatsun suka fara mutuwa, da hutu da ɗaurin hannu sun isa. Yanzu sai an yi masa aiki an saki jijiyar, kuma ba ta yi alkawarin ƙarfin yatsu biyun nan zai dawo duka ba. Keke kuwa ya ajiye shi sai yadda hali ya yi. Ofis sun mayar da shi ɗakin injin. Dogo yana samun sauƙi, ƙaninki kullum yana can, Dogo yana tsokanarsa wai su biyu a haɗe hannu biyu gare su. Matarsa tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake min fuska ba tukuna, kuma ban ga laifinta ba.

Jibi za a yi aikin. Har yanzu ina jin tsoro, amma irin wanda mutum yake iya cin abinci da shi. In kin samu hali ki zo bayan an sallame shi, ki zo da hannu biyu ki yi masa faɗan da ni na kasa.

Ga shi nan a kaina yana cewa in ba shi biro, wai lallai sai ya rubuta miki da kansa. Da hagu zai yi, ki yi haƙuri da abin da za ki gani.

Taki har kullum,
Amarya

Yaya, ni ne. Ba irin na Baba ba ne. Ki yi barci.